Filin Amsa Tambayoyinku: Unguwarmu Ta Lalace, Da Wa Za Mu Gyara Ta?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka zo, wato unguwannin da birni ya juya wa baya. Ba abin mamaki ba ne, tunda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da biliyan 1 ne ke zaune a irin waɗannan unguwanni a faɗin duniya. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su, na cire sunaye da adireshi kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu. Layinmu ba shi da magudana. Ruwan wanka da na wanke-wanke a tsakiyar hanya yake kwanciya, in an yi ruwan sama kuwa har cikin ɗakuna. Mun rubuta wa hukuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, shiru. Yanzu mun rabu gida biyu. Wasu sun ce mu haɗa kuɗi mu yi da kanmu, wasu sun ce in muka yi mun ɗauke wa gwamnati nauyinta, gobe ma ba za ta waiwaye mu ba. Wanne ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi muku albarka da kuka damu da layinku. Gardamar taku ta ƙi ƙarewa ne saboda kowane ɓangare yana da gaskiya a hannunsa. Haƙƙinku ne hukuma ta yi muku magudana, wannan babu ja. Amma yaron da ke rarrafe a bakin wannan kwatar ba zai jira a amsa takardarku ba. Mafita ita ce a raba aikin, a san naku, a san nata.

Akwai inda aka gwada haka tun da daɗewa. A gefen birnin Karachi na Pakistan akwai wata makekiyar unguwa mai suna Orangi, wadda talakawa suka gina da kansu ba tare da tsarin hukuma ba. A 1980 Dakta Akhtar Hameed Khan ya fara aiki a can, ya tarar ba abin da ya fi damun mutane kamar ƙazantar ruwa da bayan gida, kuma su ma zaman jiran hukuma suke yi kamar ku. Sai shi da abokan aikinsa suka kasa aikin kashi biyu, na ciki da na waje. Na ciki shi ne masai a kowane gida, da bututun da ke bi ƙarƙashin layi, da wanda ke tattara ruwan layuka da ke kusa da juna. Wannan mazauna ne ke biya, su ne ke yi. Na waje shi ne babban bututu da matatar ƙazanta, wanda ya fi ƙarfin kowace unguwa. Wannan na hukuma ne, ba wanda ya ce a yafe mata.

Ba unguwar aka tara gaba ɗaya ba. Layi-layi aka bi, gida 20 zuwa 40, mutanen da suka san juna, suka san wanda in an ba shi ajiya zai riƙe amana. Kowane layi ya zaɓi wakilinsa da zai tara kuɗi ya tsaya a kan aiki. Ƙungiyar Dakta Khan kuwa ba ta ba su kuɗin gini ba. Ta auna musu gangarar layi, ta zana, ta yi kiyasin bututu da siminti, ta ba da aron kayan aiki, ta koya wa matasan unguwa awo da zanen taswira. Da aka sauƙaƙa zanen, aka cire ribar ɗan kwangila, sai kuɗin ya faɗi har talaka ya iya biya. Wannan layi ya ga na maƙwabta ya bushe, shi ma ya aika a zo a auna masa, a haka har fiye da kashi 90 cikin 100 na layukan Orangi suka sami magudanar ƙarƙashin ƙasa. A 2006 gwamnatin Pakistan ta saka wannan rabon aiki a cikin manufarta ta ƙasa kan tsaftar muhalli.

To, ga abin da nake so ku yi kafin ku karɓi kuɗin kowa. Ku jira ruwan sama mai ƙarfi, ku fita da littafi da alli tun ruwan na gudu, ku bi shi daga inda ya taso har inda ya tsaya, kuna sa alama a bango. Na taɓa tsayawa a wani layi da mutanen sama suka yi magudana mai kyau, suka tsaya daidai inda kuɗinsu ya ƙare. Ruwan da a da yake bazuwa yana tsotsewa a hanya, sai ya zo a dunƙule da gudu ya faɗa gidan ƙarshe. Tsohuwar da ke gidan ta nuna mini bangon ɗakinta, laka ta yi masa zane har ƙugu. Ta ɗora katifa a kan bulo, ta sa takardun makarantar jikokinta a leda ta rataye a ƙusa kusa da rufi. Maƙwabtanta ba su nufe ta da sharri ba, awo ne ba su yi ba. Magudana daga ƙasa ake fara ta, daga inda ruwa zai fita, sannan a hauro. Ku nemi wanda ya iya awon gangara, ko da ɗalibi ne mai karatun injiniya ko safiyo.

Batun kuɗi kuma shi ke kashe irin ƙungiyarku. Kowa ya biya a ba shi rasit. Kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. A manna lissafin shiga da fita a inda kowa ke wucewa. Wanda ba shi da halin biya ya yi haƙa, ko ya ajiye kayan aiki a gidansa, a kuma faɗi wannan a bainar jama'a tun ranar farko don kada ya zama abin gori.

Su kuma masu cewa kada a ɗauke wa gwamnati nauyi, kada ku bar su a gefe, aikinsu ne ya fi wuya. Su sanar da hukuma a rubuce kafin a soma haƙa, saboda bututun ruwan sha da wayoyin da ke ƙarƙashin ƙasa. Su riƙe taswira da hotuna da rasitai. Takardar da ta ce "a taimaka mana" daban take da wadda ta ce "mun yi mita kaza da kuɗinmu, ga taswira, ga inda ruwan ke tsayawa, saura kwalbati ɗaya a babban titi". Ta biyun tana da wuyar ajiyewa a durowa.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni 'yar haya ce, mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu, a cikin gida nake 'yar sana'ata. Kwanan nan wasu suka zo suna aune-aune suna rubuta lamba a bangaye. An ce shiri ne na gyara unguwa, hukuma da wata ƙungiya za su yi titi su sa fitilu. Masu gidaje murna suke yi. Ni kuwa na kasa barci, don na san in unguwa ta yi kyau kuɗin haya zai tashi. Ba a kira mu 'yan haya taro ba. Ko dai ina baƙin ciki da ci gaba ne?

AMSA: 'Yata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya miki yaran. Ba baƙin ciki kike yi ba, kin hango abin da masu zanen aikin da yawa ba sa hangowa. In aka yi titi aka sa fitila, darajar fili ce ke tashi. Wannan ƙarin aljihun mai fili yake shiga, ɗan haya kuma shi ke biya, in ya kasa ya tattara ya koma wata unguwar da ta fi lalacewa. Sai a rubuta a rahoto cewa unguwa ta gyaru, alhali mutanen da aka yi aikin dominsu ba sa cikinta. Ni a wurina wannan ba gyara ba ne, kuma na daɗe ina faɗin haka a gaban duk wanda ya ba ni kujera.

Abu na farko, ki je ki tambayi ma'anar lambar da aka rubuta a bangonku. Ta ƙidaya ce, ko ta rusau? Ki tambayi sunan wa aka rubuta a gabanta. Sau da yawa gini ake ƙirgawa da mai shi, iyalai biyar ko shida da ke cikinsa ba sa cikin lissafi, wanda ba ya cikin lissafi kuwa ba shi da kaso ranar diyya ko ranar rabo. Shi ya sa ƙungiyoyin mazauna unguwannin talakawa na Indiya da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe, waɗanda suka haɗu suka kafa gamayya ta duniya a 1996, suka dage a kan abu biyu: mazauna su ƙidaya kansu da kansu ɗaki-ɗaki, su kuma kafa asusun tara kuɗi, wanda galibi mata ne ke riƙe da shi. Mai zagayen karɓar ajiya kullum ita ce ta san wa ke kwance ba lafiya, wa aka ba takardar tashi. Ku ma ku yi haka. Ku tara matan layinku, ku rubuta kowane iyali, yawansu, shekarun da suka yi a ɗakin, da sana'ar da suke yi a ciki. Ku kai kwafi ga masu aikin, ku karɓi shaidar sun karɓa, ku riƙe naku.

Akwai wuraren da suka gane cewa batun fili ne ke gaba da fenti. A Tailan an fara wani shiri a 2003 mai suna Baan Mankong. Gwamnati ba ta ba ɗan kwangila kuɗin ba, ƙungiyar mazauna take ba tallafin hanya da ruwa da magudana, da rancen gini mai sauƙin ruwa, bayan sun nuna sun iya tara nasu. Su ke tsara unguwarsu, su ke zama da mai fili su saya ko su karɓi haya mai dogon zango. Takardar filin kuma da sunan ƙungiyar take, ba da sunan mutum ɗaya ba, don haka mai kuɗi ba zai zo ya riƙa saye ɗaya bayan ɗaya ba. Kafin shirin ya shekara goma, ayyukan da aka amince da su sun shafi iyalai sama da 90,000.

A birnin Boston na Amurka ma, mutanen unguwar Dudley sun ga yadda a ƙarshen shekarun 1950 aka rushe unguwar West End da sunan sabunta birni, aka tarwatsa dubban mutane. Da nasu lokacin ya zo ba su yarda ba. A 1988 ƙungiyarsu ta sami ikon karɓar filayen da aka yi watsi da su a tsakiyar unguwar, ta sa su a ƙarƙashin amintattu. Mutum yana mallakar gidan, filin na al'umma ne, an ba shi haya ta shekara 99, in zai sayar kuma akwai iyakar ribar da zai ɗora. Sama da gidaje 200 aka gina a haka, har yau mai ƙaramin ƙarfi na iya zama a cikinsu.

Na san ba gobe za ku kai nan ba. Amma akwai abin da za ku iya nema yanzu, tun ba a zuba kwalta ba, domin da zarar an zuba bakinku ya rage nauyi. Ku nemi kujerar 'yan haya a kwamitin aikin. Ku nemi masu gidajen da za su ci moriyar titin su sa hannu a yarjejeniya kan yadda za a ƙara haya da tsawon wa'adin da ba za a ƙara ba. In akwai ɗakin da hanya za ta ci, a nuna wa mai zama a ciki inda zai koma kafin a taɓa bango, kuma kusa, inda abokan cinikinsa da makarantar yaransa suke. Kada ki je ke kaɗai, ku je da yawa da takardarku a hannu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a ofishin tsara birane. Kullum ana zarginmu da rashin tuntuɓar jama'a, amma in mun kira taro mutum goma ba sa cika, kuma fuskokin nan dai su ne a kowane zama, wasu ma kuɗin zama suke tambaya. Ta yaya za a yi haɗin gwiwa da mutanen da ba sa zuwa?

AMSA: Ɗan'uwa, barka kadai, na kuma yaba da ka rubuto, don da yawa a kujera irin taka ba sa ma tambaya. Bari in mayar maka da tambaya ɗaya: ranar da kuka kira taron, me ya rage ba a yanke ba? In an gama zane, an ware kuɗi, an ba da kwangila, to abin da ake nema a wurinsu sa hannu ne a takardar halarta, kuma sun sani. Mai neman na yau ba zai bar sana'arsa ya zo ya saurari abin da ba zai iya canzawa ba.

Mutanen Dudley da na ambata a sama, da irin wannan suka fara. A taron farko na jama'a a 1985, masu shirin suka gabatar da kwamiti mai kujera 23, huɗu kacal aka ware wa mazauna. Wata mata ta miƙe ta tambayi nawa ne daga cikin waɗanda ke kan teburin suke zaune a unguwar. Abin da ya sa nake girmama waɗancan mutane shi ne ba su yi fushi ba, suka yarda aka rushe tsarin, aka sake wani da mazauna ke da rinjaye, aka kuma ba manyan al'ummomi huɗu na unguwar kujeru daidai wa daida, ba tare da duba wa ya fi yawa ba.

A Porto Alegre ta Burazil, daga 1989 hukumar birni ta riƙa kai wani kaso na kasafin ayyukanta gaban tarukan unguwanni, mutane su jera abin da suke so a fara yi, su zaɓi wakilan da za su bi sawun kuɗin. Da farko su ma ba a cika zuwa ba. Da aka ga unguwar da ta zo taro ta sami bututu da titi, sai zauruka suka cika, kuma yawancin abin da talakawa suka zaɓa ruwa ne da magudana da hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka ka je da wani abu a hannu, ko ƙarami ne. Ka ce kuɗin da ke akwai kaza ne, zai yi layi uku cikin takwas, ku zaɓa. Ka bar ofis ka je unguwar, a lokacin da mutane suka dawo daga aiki. Ka yi zama daban da mata, da 'yan haya, da matasa, da masu nakasa, domin unguwa ba baki ɗaya gare ta ba, kuma goman nan da kake gani kullum wataƙila masu gidaje ne. Kada ka kore su, amma wakilci ya zama na zaɓe, mai wa'adi. Bayan kowane zama ka dawo ka faɗi abin da aka ɗauka da abin da aka bari da dalili. Wannan dawowar ce ofisoshi suka fi tsallakewa, kuma ita ke sa a zo taro na gaba.

Sai kuma ka kiyaye alkawari. A Ingila an fara wani shiri a 1998 da ya zaɓi unguwanni 39 masu fama da talauci, kowace aka ba ta kusan fam miliyan 50 na tsawon shekara goma, da mazauna a cikin kwamitocin gudanarwa. Da aka yi bitar shirin, an ga sauyi ya fi bayyana a gidaje da muhalli da tsaro da yadda mutane ke jin daɗin unguwarsu. A fannin aikin yi da karatu da lafiya kuwa sauyin bai kai haka ba, domin tushen waɗannan ya wuce iyakar unguwa. In magudana ka kawo, ka ce magudana ce, kada ka ce za ta kawar da zaman banza.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, a wata tsohuwar unguwa na tashi, yanzu Allah ya buɗa mini. Ina so in gina musu babban ɗakin taro da ɗakin karatu, abin da za a gani a san an yi. Me ka gani?

AMSA: Allah ya ƙara buɗi, ya saka da alheri, ba kowa ke tuna inda ya fito ba. Shawarata ka riƙe zanen tukuna. A Medellin ta Kolombiya an yi wa unguwannin kan tsauni abu biyu a wuri ɗaya. A 2004 aka kafa musu motar igiya mai tafiya a sama, wadda ta haɗa su da jirgin ƙasan birni, ta rage musu wahalar zuwa aiki, har yau suna hawa. A 2007 aka buɗe wani katafaren ɗakin karatu da hotonsa ya zagaya duniya, amma a 2015 aka rufe shi saboda matsalar gini, ya shafe shekaru a rufe.

Ɗakin karatu abu ne mai kyau, ba na hana ka. Amma ka je ka zauna da su, maza daban mata daban, ka faɗi abin da za ka iya kashewa, ka bar su su jera buƙatunsu kafin ka ambaci naka. In ɗakin ne ya zo a sama, to a rubuta tun yanzu wa zai biya mai gadi da lantarki, wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, da sunan wa takardar filin za ta kasance, ka kuma ware wani kaso na kuɗin don kula da ginin a shekarun farko. Ka ɗauki magina da leburori daga cikin unguwar. Ka rubuto mini abin da suka zaɓa, zan so in buga shi a wannan fili.